TAKIN MASARA BISA MA'AUNI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A ƘASASHEN DUTSIN-MA DA KURFI

Kowace shekara, da zarar hadari ya fara tasowa daga gabas, ƙofar Hakimi ba ta rabuwa da masu zancen taki. Wannan ya ce bai samu ba, wancan ya ce ya samu amma a makare. Akwai kuma wani na uku wanda ba a cika jin kukansa ba sai da kaka, shi ne mutumin da ya sayar da akuyarsa ya sayi buhu, ya zuba a gona, amma da ya zo girbi bai ga inda kuɗinsa suka shiga ba. Saboda wannan na ukun aka rubuta takardar nan, don Hakimai da Magaddai da malamansu su san abin da masana suka gano game da ciyar da masara, su kuma san abin da za su gaya wa talakawa in an zo neman shawara.

Masara ba tsohuwar abincin rumbu ba ce a ƙasar Yandaka da ta Maraɗi. Gero da dawa su ne gadon kakanni, ita kuwa dā a bayan gida ake shuka ta, inda shara da kashin dabbobi suka taru, a gasa ta a ci kafin sabon gero ya iso. Fitowarta zuwa manyan gonaki ta biyo bayan shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya. Shi ya zo da sabon iri da takin zamani mai rahusa, har kudancin Katsina ya zama ƙasar masara. Daga can ta riƙa haurowa arewa, musamman da aka sami iri mai saurin nuna daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da kuma cibiyar IITA ta Ibadan. To, amma ta hauro da halinta. Gero yana haƙuri da yunwa, masara ba ta yi. In ba ta ƙoshi ba, ba ta goyo.

Abin da masara ke ci

A cikin abubuwan da tsiro ke sha daga ƙasa akwai guda uku manya, waɗanda masana ke kira naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Su ne haruffan nan uku, N da P da K, da ke jikin buhun kamfa. Na farkon shi ne ya fi shafar masara, shi ke ba ganye kore, shi ke sa kara ya yi ƙiba, shi ne kuma ya fi wuyar riƙewa a ƙasa. Abin mamaki, iskar da ake shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma masara ba ta iya ɗibarsa daga iska. Gyaɗa da wake da waken suya su ke da wannan baiwa, ta wurin 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsu, shi ya sa gonar da aka yi gyaɗa bara takan fi karɓar masara bana. Gawo ma danginsu ne, ga shi kuma yana kakkaɓe ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana. Manomin da ya ƙi sare gawon gonarsa ya san abin da yake yi.

Sai a 1909 wani masani a Jamus mai suna Fritz Haber ya gano hanyar kama naitirojin na iska, a 1913 kuma aka buɗe masana'anta ta farko mai yin haka. Daga wannan hanya yuriya ta samu. Yanzu ana yin ta a Nijeriya, a Onne da Eleme ta wajen Fatakwal, da kuma babbar masana'antar Dangote ta Lekki wadda aka buɗe a 2022. Duk da haka ba ta yi araha ba. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 da faɗuwar darajar Naira daga 2023 sun sa buhu ya zama dukiya, ba abin watsawa da ka ba.

Lambobin jikin buhu ba ado ba ne, ya kamata kowane malamin Hakimi ya iya karanta su. Buhun yuriya mai kilo 50 an rubuta masa 46, watau kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne, kilo 23 ke nan. Buhun kamfa mai 15-15-15 yana da kilo bakwai da rabi kaɗai, mai 20-10-10 kuwa kilo 10. Ashe buhu ɗaya na yuriya ya ɗara buhu uku na kamfa mai 15-15-15 wajen naitirojin, ko da yake ba shi da sauran biyun. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su riƙa ƙirga buhuna, alhali kuwa abin da ke ciki ya kamata a ƙirga.

Shawara ɗaya ga gonaki dubu

An daɗe ana ba manoman masara shawara guda, cewa kowace hekta, watau kusan eka biyu da rabi, tana bukatar kilo 120 na naitirojin, da kilo 60 na kowane ɗaya daga sauran biyun. In aka mayar da wannan buhuna, zai zama kamfa takwas mai 15-15-15, da yuriya biyu da rabi da 'yan kai. Shawarar ba ƙarya ba ce, an samo ta ne daga gwaji na shekaru. Aibinta shi ne riga ɗaya aka ɗinka wa gari duka. Abin da ya dace da baƙar ƙasa ta wajen Funtuwa da Bakori, inda damina ke daɗewa, ba lalle ne ya dace da jigawar Kurfi ba, inda ruwa ke ɗaukewa da wuri. Ko a cikin ƙauye ɗaya, gonar bayan gida da ke shan takin dabbobi kowace bazara daban take da gonar daji wadda ta shekara goma ba ta ga ko kwando ɗaya ba.

Ga kuma hasarar da ido ba ya gani. Masana sun auna, sun ga sau da yawa masara ba ta shan ko rabin naitirojin da aka zuba mata. In an watsa yuriya a bisa ƙasa aka bar ta a rana, wani kashi nata yakan zama iska ya tashi, har mai tsayawa kusa yakan ji warinsa. In kuma aka zuba ta a rairayi, marka ta zo, sai ruwa ya tafi da ita can ƙarƙashi inda saiwa ba ta kaiwa. A fadamar da ruwa ke kwanciya ma wata hasarar ce daban, nan ma iska yake komawa. Don haka mai zuba takinsa duka rana ɗaya, tun masara tana 'yar ƙarama, yana kama da wanda ya ajiye wa jariri tuwon mako guda.

Yunwar masara tana da lokacinta. A makonni biyu zuwa uku na farko kaɗan take ci. Daga sa'ad da ta kai gwiwa har ta fitar da kai ta soma goyo, a nan ne take cin mafi yawan abincinta. Saboda haka aka ce a raba taki biyu. Kamfa a sa da wuri, ranar shuka ko cikin mako biyu da tsirowa, yuriya kuwa a jira sai mako huɗu zuwa shida. A tona ɗan rami kamar tsawon ɗan yatsa daga gindin shuka, a zuba, a rufe, ƙasa tana da laima, bayan an yi noma an kawar da ciyawa. Wannan tsohon ilmi ne, malaman gona sun daɗe suna faɗinsa. Sabon abin shi ne hanyar sanin nawa za a sa, a wace gona, a wace shekara.

Gonar da ke cikin kwamfuta

Hanya ta farko ita ce lissafin girman shuka. Masana sun zauna sun rubuta wa kwamfuta yadda masara ke girma rana rana: zafi kaza yana fitar da ganye kaza, hasken rana kaza yana ƙara nauyi kaza, saiwa na shan ruwa kaza, in ruwa ko naitirojin ya gaza girma ya ragu da kaza. Wanda ya fi shahara cikin waɗannan shi ne CERES-Maize, wanda aka fitar a Amurka a 1986, yana cikin wani babban kundi mai suna DSSAT. Akwai kuma APSIM na ƙasar Ostareliya. Malaman Jami'ar Bayero ta Kano da na IITA sun daidaita CERES-Maize da irin masarar da ake shukawa a Arewa, ta wurin shuka ta a gonakin gwaji, su auna, su gwama da abin da kwamfuta ta faɗa, su gyara, har biyun suka yi kusa da juna.

Kwamfuta ba ta aiki sai an ciyar da ita. Ana ba ta ruwan da aka yi kowace rana, da zafin rana da sanyin dare, da irin ƙasar gonar da zurfinta da yawan ruwan da take iya riƙewa, da irin da aka shuka, da ranar shuka. In ta sami waɗannan, sai a yi mata tambaya. A ce, da an sa kilo 30 me za a girbe? Da 60 fa, da 90, da 120? Cikin ƙiftawar ido za ta noma gonar nan sau talatin, da ruwan shekaru talatin da suka wuce, shekarar albarka da shekarar fari duka, ta fito da jadawali. Gwajin da zai ci ƙuruciyar mutum a gona ta gaske ya zama aikin hantsi ɗaya.

Abin da irin wannan jadawali ke nunawa kullum shi ne, buhun farko ya fi na biyu amfani, na biyu ya fi na uku, har a kai inda ƙarin hatsin da buhu ya kawo ba zai biya kuɗin buhun ba. A nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Wurin tsayawar kuwa ba ɗaya ba ne: yana matsawa gaba in ruwa ya wadata kuma hatsi na da daraja, yana ja da baya in damina gajeriya ce ko taki ya yi tsada. A ƙasa irin ta Dutsin-Ma da Kurfi, wadda ta ga farin 1973 da na 1984, wannan ba ƙaramin zance ba ne, gama mai cin bashi ya cika gona da taki a shekarar da ruwa ya yanke ya yi hasara biyu.

Ya kamata a bayyana wa jama'a cewa wannan ba duba ba ne. Kwamfuta ba ta san ruwan bana ba. Abin da take faɗi shi ne, cikin shekaru goma irin waɗanda aka gani, a guda nawa ne taki kaza zai biya kuɗinsa. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana taimaka mata, amma shi ma hasashe ne.

An riga an gwada irin wannan shawara a hannun manoma. A 2015 aka fara wani shiri mai suna TAMASA a jihohin Kaduna da Kano da Katsina, tare da IITA da Jami'ar Bayero. An yi gwaji a gonakin mutane, ana raba gona fili fili, a hana wannan fili naitirojin, a hana wancan fosfaras, a hana na gaba fotashiyam, don a ga rashin wanne ya fi cutarwa. An ga naitirojin da fosfaras su ne suka fi ƙaranci, an kuma ga gonaki sun sha bamban ƙwarai wajen karɓar taki. Daga nan aka daidaita wata manhaja mai suna Nutrient Expert, wadda malamin gona ke riƙewa a waya. Yana yi wa manomi tambayoyi a kan gonarsa, me ya shuka bara, ya sa takin gida ko bai sa ba, buhu nawa ya saba samu, nawa yake iya kashewa, sai ta ba da shawara ta wannan gona kaɗai.

Ido daga sama

Lissafi yana faɗin abin da ya kamata a yi kafin shuka. Hanya ta biyu kuwa tana duba masarar bayan ta tsiro, ta ga ko ta ƙoshi. Asalinta abu ne da kowane manomi ya sani: masara mai yunwar naitirojin ganyenta na ƙasa ke fara yin ɗorawa, daga tsinin ganye ya biyo tsakiya. Sai dai kafin ido ya ga haka an riga an yi hasarar kwanaki.

Ganye lafiyayye yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani irin haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani amma na'ura tana gani. In ganye ya raunana, sai ya rage shan jan, ya rage mayar da ɗayan. Masana suna gwama waɗannan biyu su fitar da lamba da suke kira NDVI, wadda ba ta wuce ɗaya. Fako da sheƙaƙƙiyar ƙasa suna ba da lamba ƙarama, gona mai duhun ganye tana ba da babba. Ana iya ɗaukar wannan awo da na'urar hannu irin GreenSeeker, wadda mutum ke riƙewa bisa kunya yana tafiya, ko da ƙaramin jirgi marar matuƙi, ko kuma daga tauraron ɗan'adam.

Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003. Amma waɗanda suka fi amfani ga ƙananan gonaki su ne taurarin Sentinel-2 na Turai, na farko a 2015, na biyu a 2017. Suna tafiya a nisan kusan kilomita 786 daga ƙasa, suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kamar kowane kwana biyar, hotunan kuma kyauta ne ga kowa. Kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, watau hekta ɗaya ɗigo ɗari ce. Ashe daga can sama ana iya ganin cewa gabashin gonar wane ya ƙoshi, yammacinta na jin yunwa, tun yuriya tana cikin buhu ba a zuba ba. In aka ba kwamfuta wannan hoton, sai ta gyara lissafinta bisa abin da ya tsiro da gaske, ta ce a ƙara nan, a rage can.

To, amma kada a ɗauki hoto a matsayin alƙali. Tauraro ba ya gani ta cikin gajimare, ga shi kuwa lokacin da aka fi bukatarsa, Yuli da Agusta, shi ne lokacin da sama ta fi rufewa. Masu noman rani a bakin madatsar Zobe, wadda aka gama gininta a 1983, sun fi samun sararin sama, in ban da ƙurar hunturu. Sa'an nan gonakin nan ƙanana ne, a gauraye suke da wake da dawa, ga inuwar kuka da ɗorawa. Mafi muni, ciyawa ma koriya ce. Gonar malalaci da ta cika da ciyawa tana iya fin ta mai himma kyau a hoto. Haka kuma ba kowane ɗorawar ganye ne yunwar naitirojin ba. Kwanciyar ruwa tana kawo shi, fari na kawo shi, haka tsutsar nan mai cin ƙoƙon masara wadda ta shigo Nijeriya a 2016. Ƙuduji kuma, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana tsotse masara ta saiwa tun bai fito fili ba, ya fi kuwa ƙarfi a gonar da ta gaji. Hoto yana nuna inda za a je a duba ne. Dubawar sai da ƙafa.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ta fito daga wannan ilmi, wadda ba ta bukatar ko waya. Manomi ya ware kunya biyu ko uku a tsakiyar gona, ya ba su taki isasshe tun farko, su zama kunyoyin shaida. In lokacin yuriya ya yi, sai ya tsaya ya gwama. In sauran gonar ta yi kore daidai da su, ƙasa na da abinci, kaɗan ya ishe ta. In kuwa kunyoyin shaida sun yi duhu sauran sun yi fari, gona na neman taki, kuɗin da za a kashe ba za su ɓata ba. Masu na'ura ma haka suke yi, sai dai su da lamba suke gwamawa.

Inda Hakimi da malaminsa suka shigo

Duk wannan ilmi a kan rubutaccen labari yake tsaye, a nan ne kuwa aka fi rauni. Tashoshin awon ruwa kaɗan ne, alhali kowa ya san ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a Dutsin-Ma, Kurfi ko ɗigo ba ta samu ba. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ofishin Hakimi shi ne ma'ajin labarin ƙasa, na mutane da dabbobi da amfanin gona. Wannan aiki ya sake samun daraja. Ma'aunin ruwa guda a harabar ofis, da littafi guda da ake rubuta abin da aka samu kowace safiya, har ranar da ba a yi ruwa ba, bayan shekara biyar zai zama abin da malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da ma'aikatan KTARDA za su zo nema da kansu.

Na biyu shi ne girman gona. Yawancin manoma ba su san hektar gonarsu ba, sai su ce ta cin tiya kaza ce ta iri. Shawarar taki kuwa duk bisa hekta ake ba da ita. Yanzu mai waya yana iya zaga iyakar gona da ƙafa, wayar ta faɗi girmanta. A misalta mutum mai rabin hekta, ya sayi kamfa biyu mai 15-15-15 da yuriya ɗaya. Naitirojin ɗinsa kilo 15 da kilo 23, jimla 38, daidai da kilo 76 a hekta ke nan. In kuwa gonar ashe hekta guda ce bai sani ba, to 38 ɗin ne kawai, zai ga masara ta kasa, ya ce takin jabu ne. Irin wannan mutum ya fi masa alheri ya tattara takin a rabin gonar da ya fi kyau, ya sa wa ɗaya rabin gero da wake.

Littafin malami zai isa in yana da suna da unguwa, da girman gona, da irin ƙasarta, jigawa ce ko jangargari ko fadama, da abin da aka shuka bara, da irin masara da ranar shuka, da ranar sa taki da irinsa da yawansa, da buhunan da aka girbe. Ba sai an rubuta na kowa ba. Gonaki goma a ƙasar kowane Magaji, waɗanda masu su suka yarda, sun isa a fara. A gaya musu tun farko cewa ba don haraji ake yi ba, gama in suka yi zaton haka za su rage abin da suka girbe, kwamfuta kuwa duk abin da aka ba ta shi take lissafawa. A rubuta ranar a ranarta, kada a bari sai kaka a ce za a tuna.